Gani Ya Kori Ji: Kwana Huɗu a Bakin Teku

Malam Edita, ina roƙo ka ba ni ɗan fili a cikin wannan mujalla tamu in faɗi ra'ayina game da wani al'amari wanda na ga yawancinmu ba mu ɗauke shi a bakin kome ba, watau abin da ya kamata mai koyon aikin malanta ya yi da hutunsa. Ni dai ra'ayina shi ne kowane ɗayanmu, kafin a ba shi takardar shaida a damƙa masa 'ya'yan mutane, ya yi ƙoƙari ya je ya ga teku da idonsa, ko da sau ɗaya ne, ko da na kwana uku ne. Na san da jin wannan wasu za su yi dariya, su ce yaro ya je Ikko ya komo da sabon salo. To, a yi haƙuri a ji dalilina tukuna, in ya so sai a yi dariyar daga baya.

A farkon shekarar 2025 aka tura ni gwajin koyarwa a wata makarantar firamare ta unguwarmu, Jiddari Polo, aka ba ni aji biyar. Ran nan darasinmu na labarin ƙasa ya faɗo kan ruwayen duniya. Na kwana ina shiri. Na zana taswira a allo, na shafe tekuna da shuɗin alli, na gaya wa yara ruwa ya rufe kashi 71 cikin 100 na fuskar duniya, na sa suka maimaita sunayen tekuna har suka haddace. Ina cikin jin daɗin kaina sai wata yarinya ta ɗaga hannu daga baya, ta ce, "Malam, tekun nan ya kai ruwan da ya zo mana?" Nufinta ambaliyar 10 ga Satumba 2024, ranar da madatsar Alau ta ɓalle, ruwan Ngadda ya mamaye Fori da Gwange da Kasuwar Litinin, ya shiga har ƙofar fadar Shehu. Duk yaran ajin sun ga wannan da idonsu, wasu ma sun kwana a kan titi saboda shi. Na ce mata teku ya fi shi nesa ba kusa ba. Ta yi shiru, kana ta ce, "Malam, kai ka gan shi?"

Da na so da na yi mata ƙarya, ba mai kama ni. Amma na ce ban taɓa gani ba. Ta koma ta zauna, ba ta ce kome ba, ni kuwa na gane a fuskarta ta riga ta ajiye darasina wuri ɗaya da tatsuniyar Gizo da Ƙoƙi. Ba ta yi laifi ba. Ita ta ga ruwa, ni kuwa littafi na gani. A lokacin nan iyakar Legas ɗin da na sani ita ce Titin Legas na nan Maiduguri da gadarsa.

Tun daga ranar na soma tara ɗan abin da na ke samu wajen koya wa yaran maƙwabta karatu da maraice. Da hutun watan Afrilu ya zo na gaya wa mutanen gida za ni Ikko wurin kawuna, wanda ya ke sayar da albasa a kasuwar Mile 12. Ba wanda ya goyi bayana. Mahaifiyata ta ce, "Kowa yana neman inda zai ɓuya wa zafi, kai kuma za ka biya kuɗi ka je neman wani zafin?" Wani maƙwabcinmu ya ce kuɗin motar kaɗai ya isa ya sayi buhun masara, gaskiya kuwa ya faɗa. Zan komo kan waɗannan maganganu, gama ba na banza ba ne.

Muka tashi da safe, tun da ba a bin hanyar Damaturu sai da rana. Muka wuce Potiskum da Bauci, muka hau tudun Jos, muka gangara Akwanga, muka haye Kwara a kan gadar da ke kusa da Koton Karfe, muka bi ta Lokoja da Okene har Ibadan. Tafiyar ta fi kilomita 1,500, ta ci mana kwana biyu. Iyayenmu sun yi ta a jirgin ƙasa, gama dogo ya iso Maiduguri tun 1964, amma shekaru da yawa ke nan rabon tasharmu da jin kukan jirgi. Duk da gajiya, ban ga asarar zuwa a mota ba. Babin nan na itatuwan Nijeriya wanda mu ke haddacewa don jarrabawa, sai ga shi yana wucewa ta taga shafi shafi. Aduwa da farar ƙaya suka ba ɗorawa da kaɗanya wuri, su kuma suka ba kwakwar manja da koko, har muka shiga kurmi. Rufin ɗakuna ma ya sake, daga shimfiɗaɗɗen soron ƙasa irin namu zuwa rufin kwano mai tsini, don ruwa ya gangare da sauri. Ban buƙaci kowa ya gaya mini mun shiga ƙasar ruwan sama ba.

Abu na fari da Ikko ta koya mini shi ne zafi iri biyu ne. A nan Maiduguri cikin Afrilu ma'aunin zafi ya kan wuce digiri 40, wani lokaci har ya doshi 45. A Ikko na tarar da shi wajen 32 ko 33, na ce a raina wannan ai hunturu ne. Ban yi sa'a guda ba sai da na janye maganata. Riga ta manne mini a baya, gumi yana zuba, ba ya bushewa. Da dare na wanke rigata na shanya, da safe na same ta da danshi, alhali a gida kafin ka gama wanke wando riga ta bushe. Dalili kuwa shi ne laimar da ke cikin iska. Jikin mutum yana samun sanyi ne sa'ad da gumi ya bushe ya tashi da zafin, kamar dai yadda randa ke sanyaya ruwa ta wurin tsattsafowar da ta ke yi. Iskarmu ta bazara busasshiya ce, tana shanye gumi nan da nan. Iskar bakin teku kuwa ta riga ta ƙoshi da ruwa, laimarta ta kan kai kashi 80 cikin 100, saboda haka ba ta da wurin ɗaukar naka. Na rubuta wannan bayani a takardar jarrabawa tun ina sakandare, na kuwa ci maki, amma sai a ɗakin kawuna na fahimce shi.

Kashegari na ce wa kawu ya kai ni Bar Beach, don shi ne bakin tekun da na ke gani hotonsa a tsofaffin littattafai. Ya yi dariya, ya ce, "Ɗana, ai ka makara. Yanzu gari ne a wurin." Sai ya haɗa ni da ɗansa, muka shiga kwalekwale mai inji, aka ɗaura mana rigar ruwa, muka nufi Tarkwa Bay, wanda ba a zuwa sai ta ruwa. Tafiyar ba ta kai rabin sa'a ba. Muka sauka, muka taka rairayi, muka zaga bayan duwatsun da suka kare wurin, ta wajen tsohuwar hasumiyar fitila ta zamanin Turawa. A nan na ga teku.

Ba zan iya kwatanta muku shi yadda ya ke ba, wannan ma yana cikin hujjata. Ƙararsa na fara ji tun ban gan shi ba, wani ruri mara yankewa, kamar hadari yana tasowa bai kuwa iso ba. Sa'an nan ga ruwa har inda sama ta sauko ta same shi, babu gaɓa, babu itace, babu tsallake. Raƙuman ruwa suna tasowa su yi tsayin mutum, su fashe, su kwanta, su ja da baya, wasu su biyo. Na ɗebo da hannu na ɗanɗana, na tofar da sauri. A kan matsakaici akwai gishiri giram 35 cikin kowace lita ta ruwan teku, wajen cokali biyu ke nan na cin abinci. Na tuna yarinyar ajina. Da tana wurin da na ce mata, ruwan da ya zo mana ya kwana biyu ya janye, wannan kuwa tun da aka yi duniya ya ke nan.

A wuni ɗaya tak na ga darasi huɗu waɗanda a da na ke koyarwa da ka. Akwai manyan jiragen ruwa a jere can nesa suna jiran shiga tashar Apapa. Na lura waɗanda suka fi nisa ba a ganin gindinsu, sai samansu kaɗai, kamar sun nutse rabi. Mutumin da ke tsaye a gaɓa ba ya hangen fuskar ruwa fiye da wajen kilomita 5, daga nan sai doron duniya ya kare masa. Ga shaidar duniya ƙwallo ce, ba tare da lemo da fitila ba. Na kafa kara a bakin ruwa da hantsi, kafin la'asar ruwa ya janye ya bar shi a busasshen wuri. Wannan shi ne cika da janyewar teku, sau biyu a kwana guda, wanda jan da wata ke yi wa ruwa ya ke haddasawa. A Ikko bambancin bai fi wajen mita ɗaya ba, amma yana nan kullum. Da rana ta take kuma sai iska mai sanyi ta taso daga teku ta nufo tudu, domin ƙasa ta fi ruwa saurin ɗaukar zafi, iskar kanta ta tashi sama, ta teku ta zo ta maye gurbinta.

Na huɗun shi ya fi taɓa ni. Iskar nan da ta ke buga mini fuska daga kudu maso yamma, ita ce dai wadda mu ke jira a Borno. Ita ke ɗauko ruwa daga tekun Atlantika, ta soma zubar da shi a bakin gaɓa tun watan Maris ko Afrilu, ta yi ta haurowa arewa tana rage kaya, har ta iso mana wajen Yuni da abin da ya saura. Shi ya sa ruwan saman Ikko ya ninka namu kusan sau uku, shi ya sa kuma daminarmu gajera ce. Ashe geron da a ke nomawa a Konduga da waken Damboa daga tekun nan su ke sha. Ashe ruwan da ya cika Alau har ya ɓalle, daga nan ya taso. Mu da mu ke cewa ba ruwanmu da teku, shi ke ciyad da mu, shi ne kuma ya shigo mana ɗaki a 2024.

Da muka komo na matsa wa ɗan kawuna sai ya nuna mini inda Bar Beach ya ke a da. Labarin wurin ya isa kowane malami ya sani. Tun daga 1908 Turawa suka soma jera manyan duwatsu cikin teku a bakin mashigar Ikko, don yashi ya daina toshe wa jirage hanya. Jirage suka sami hanya, ciniki ya bunƙasa. Amma igiyar ruwa a wannan gaɓa daga yamma ta ke tura yashi zuwa gabas. Duwatsun suka tare yashin a gefen yamma, gefen gabas ya rasa mai mayar masa da abin da ruwa ke kwashewa. Shekara da shekaru teku yana cin Bar Beach, har ya kai ga titin Ahmadu Bello. Daga wajen 2008 aka soma yaso yashi daga ƙarƙashin teku ana cike wurin, aka yi masa katanga da tubalan kankare masu nauyin tan 5 kowanne, aka kafa sabuwar unguwa mai suna Eko Atlantic. Titin ya tsira, dogayen benaye sun tashi, amma filin da talakan Ikko ya ke zuwa shan iska kyauta ya tafi. Yawancin wuraren da suka saura sai ka biya a ƙofa. Ko Tarkwa Bay ɗin da na je, a watan Janairu 2020 sojan ruwa sun tashi dubban mazaunansa, a kan zargin ana fasa bututun mai a yankin.

Ina tsaye a wurin tunanina ya komo gida. An gama madatsar Alau a 1986 don ba Maiduguri ruwan sha da na noman rani, ta kuwa yi amfani. Amma ruwa ya sha kanta a 1994, ya sake a 2024. Darasin iri ɗaya ne a can da nan. Mutum yana iya juya ruwa, sai dai aikin ba ya ƙarewa ran da aka yi bukin buɗewa, kuma in aka yi sakaci wanda ba a yi shawara da shi ba shi ke biyan bashin. Malamin da ya ga duka biyu zai iya gaya wa yara wannan ba tare da ya duba littafi ba.

Rana ta uku na tafi Badagry, can yamma kusa da iyakar Jamhuriyar Benin. Na ga benen da 'yan mishan suka gama ginawa a 1845, wanda a ke kira bene na fari a Nijeriya, ko da ya ke mu da muka san ginin Kano da Katsina muna da ta cewa. Na ga sarƙoƙi da maruruwan da a ke ɗaure bayi da su. Aka haye da mu tsibirin Gberefu, muka taka hanyar rairayi wadda bayi su ke bi zuwa bakin teku, inda ba a komowa. Kada wani ya ce wannan tarihin mutanen kudu ne. Akwai wani ɗan malami Babarbare, Ali Eisami, mutumin ƙasar Gazir. Aka kama shi yana saurayi a zamanin yaƙe-yaƙen da suka rushe Birnin Gazargamu, aka yi ta sayar da shi hannu hannu ta Kano da Katsina da Yawuri har ƙasar Yarabawa, daga bisani aka sa shi a jirgi a gaɓar Porto Novo, wadda ba ta da nisa da Badagry. Jirgin yaƙin Ingila ya tare su a teku, aka sauke su a Saliyo a 1818. A can ne bayan shekaru ya zauna da wani Bajamushe ɗan mishan mai suna Koelle ya koya masa Barbarci, har aka buga littafin nahawun harshen a 1854. Hausawa da yawa kuma ta wannan gaɓa aka kwashe su zuwa Bahiya ta ƙasar Barazil, inda suka yi ta tayar wa iyayengijinsu tun daga 1807. Mutanenmu sun riga mu ganin teku, sai dai su da mari a ƙafa suka gan shi. Ni da na je da kuɗin motata, na komo ran da na ga dama, na ji nauyin wannan ƙwarai.

Rana ta huɗu na yi ta a kasuwa tare da kawu. Wanda bai je Mile 12 da asuba ba bai san yawan abin da Arewa ke aikawa kudu ba. Motoci suna sauke tumatir da tattasai da albasa da wake, ciniki kuwa rabinsa da Hausa a ke yi. A mayankar Oko-Oba ta Agege shanun Arewa a ke yankawa, har da waɗanda a ke lodi daga kasuwar shanu ta Maiduguri. Zaman mutanenmu a can ba na jiya ba ne. A 1863 wani Bature mai suna Glover ya tara Hausawa a Ikko ya yi runduna da su, daga cikinta sojan Nijeriya ya samo asali. Da dogo ya kai Kano a 1911 fataken goro suka daɗa cika Agege. A Ebute Metta har na ga titi mai suna Borno Way, na yi dariya, na ce ashe an rama mana Titin Legas ɗinmu. Muna koya wa yara Nijeriya ƙasa ɗaya ce, su amsa da baki. A kasuwar nan na ga igiyar da ta ɗaure ta, da buhu da kwando.

Yanzu bari in komo kan masu suka, gama suna da hujja. Ta fari ita ce kuɗi. Gaskiya ne yawancinmu da ƙyar mu ke biyan kuɗin makaranta, wasu ma iyayensu ba su gama gyaran abin da ruwa ya rushe ba. Ba na cewa kowa ya ci bashi, ko ya hana ƙannensa abinci don ya je kallon ruwa. Amma mu faɗa wa juna gaskiya. Nawa mu ke kashewa a shekara uku wajen katin waya da ankon buki da sake waya sabuwa? Ni wata uku na yi ina tarawa, na sauka a gidan dangi, na ci abin da su ke ci. Abin da ya gagari mutum ɗaya a wata guda ba zai gagari mutum goma a shekara ba, hannu ɗaya ne ba ya ɗaukar jinka.

Ta biyu ita ce hatsarin hanya. Mu mutanen Borno ba wanda zai koya mana wannan, mun sha wuya tun 2009. Amma kullum motoci cike su ke tashi da masu zuwa ciniki da buki da ta'aziyya, ba mu ce su zauna ba. A bi ƙa'ida, a shiga motar tasha, a yi tafiyar rana, a sanar da gida inda a ke.

Ta uku ita ce wadda na fi girmamawa. Wani malaminmu ya ce mini, "Ka san gidanku tukuna? Ka taɓa ganin Tafkin Cadi?" Na sunkuyar da kai, don ban taɓa ba. Tafkin da ya kai faɗin murabba'in kilomita 25,000 a farkon shekarun 1960, ya kuma janye ƙwarai bayan farin 1973 da na 1984, ga shi a jiharmu, amma tsaranmu kaɗan ne suka taka Baga saboda rashin zaman lafiya. Na yarda a fara da gida. A je Alau, a je tudun Biu, a je Dikwa a ga ganuwar Rabe in hanya ta yi kyau. Sai dai ni ban san busasshiyar iskarmu alheri ce ba sai da na kwana cikin gumin Ikko, ban kuma san inda daminarmu ke fitowa ba sai da na bar gida. Wani sanin gidan sai daga waje a ke samo shi.

Akwai kuma laifin da ke wuyan masu tafiyar kansu. Na ga samari a bakin teku waɗanda tun da suka zo ba su dubi ruwan ba, sun ba shi baya suna ɗaukar hoton kansu da waya, su sa a Facebook, su tafi. Wanda zai yi irin wannan gara ya sayi buhun masarar. Na ga robobi da ledoji da ruwa ya amayo a gaɓa har ba wurin taka ƙafa a wani gefen, irin dai waɗanda ke toshe mana magudanai a nan. Na kuma ji gargaɗin masunta, wanda na ke so in isar muku. Tekun Ikko ba Ngadda ba ne. Akwai igiyar da ke ja ta ƙasa, mai iya ɗauke gwanin iyo tun ruwa yana iyakar ƙugunsa, kusan kowace shekara kuwa ana rasa rayuka. Ni iyakar gwiwa na shiga, ban kuwa ji kunya ba. Ruwa ba sa'an kwando ba ne.

Ga shawarata ga Shugaban Kwaleji da malamanmu da ƙungiyar ɗalibai. A kafa ƙungiyar tafiye-tafiye, a yi adashi tun daga aji ɗaya, kowa ya riƙa zuba ɗan abin da ya sawwaƙa, a tafi a hutun ƙarshen aji biyu tare da malamin labarin ƙasa da na tarihi. A rubuta wa wata kwalejin horon malamai ta can a roƙi masauki a ɗakunan kwanansu sa'ad da su ke hutu, mu ma mu karɓi nasu su zo su ga hunturu da rairayin hamada, gama su ma da ka su ke koyar da su. Kada a bar 'yan'uwanmu mata a baya, a haɗa su da malama mai kula da su, don yawancin ƙananan azuzuwa a hannunsu su ke. Kowa ya tafi da littafin rubutu da ma'aunin zafi, ya komo da kwalbar ruwan teku da yashi da katantanwa, ya kuma tsaya gaban jama'a ya ba da labari. Magabatanmu a wannan aiki haka suka yi. Alhaji Abubakar Imam, wanda malamin makaranta ne kafin ya zama edita, da ya je Ingila a 1943 bai bar abin da ya gano a cikinsa ba, ya rubuta Tafiya Mabuɗin Ilmi don waɗanda ba su je ba.

Da aka koma makaranta na je na roƙi hedimasta ya ba ni rabin sa'a da ajin nan nawa na da. Na zo da kwalbar da na cika a Tarkwa Bay. Na zuba rabi a farantin tasa, muka ajiye a rana bakin taga, sauran kuma na bi layi ina ɗiga wa kowa a tafin hannu. Aji ya kaure da tofe-tofe da dariya. Kafin a tashi ranar Maiduguri ta shanye ruwan farantin sarai, ta bar farin gishiri a manne. Na kira yarinyar nan ta sa yatsa ta lasa. Ta dube ni, ta ce, "Malam, to ina ruwan ya tafi?" Na nuna mata sama, na ce yana can, in Allah ya yarda zai komo mana da damina. Daga nan tambayoyi suka ɓarke, har mai ƙararrawa ya gaji da jiranmu.

'Yan'uwana, nan da shekara ɗaya ko biyu kowannenmu zai tsaya gaban yara hamsin ko fiye, a Bama ko Monguno ko Askira, yawancinsu kuwa iyakar duniyar da za su sani ita ce wadda muka kawo musu. Wata rana ɗaya daga cikinsu zai ɗaga hannu ya tambaye ka ko ka gani. Ina fata ka sami amsar da ta fi wadda na bayar. Allah ya ba mu zaman lafiya da ikon tafiya, ya kai mu ya komo da mu lafiya. Haza wasalam.

Naku,
Ɗalibin aji uku,
Jiddari Polo, Maiduguri.